Taƙaitaccen Tarihin Ɗan Boko: Tarke a Kan Zubinsa da Ma'auninsa

1.0 Gabatarwa

Akwai wani nau'in rubutun zube da ya yaɗu a ƙasar Hausa wanda har yanzu manazarta adabi ba su ba shi kulawar da ta kamace shi ba, watau abin da ake kira "taƙaitaccen tarihi". Shi ne ɗan bayanin nan na shafi ɗaya ko biyu da akan karanta a kan wanda ya yi karatun jami'a in an taru dominsa: ranar walimar samun digiri ko ƙarin girma, ranar naɗin sarauta, ranar ƙaddamar da littafi, ko ranar bankwana da aiki. Akan buga shi a 'yar ƙasidar da ake rabawa wurin taro, da bangon baya na littafi, da shafin ta'aziyya a jarida. A unguwa irin Unguwar Sanusi, cikin Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Kudu, inda tsofaffin ma'aikatan gwamnati da malaman makaranta suke zaune ƙofa da ƙofa da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu, ba baƙon abu ba ne a ji ana karanta irinsa ta lasifika, manya suna zaune a rumfa, yara suna tsaitsaye a gefe suna saurare.

Manufar wannan maƙala ita ce ta feɗe wannan nau'in rubutu, ta dubi zubinsa da harshensa, ta gano inda ya samo asali, sa'an nan ta gwada shi da hanyoyin da Hausawa suka gada na ba da labarin rayuwar mutum. Ra'ayin da za a kare shi ne cewa taƙaitaccen tarihi, yadda ake rubuta shi yau, yana auna mutum ne da abin da aka ba shi, takarda da kujera da laƙabi, ya bar wanda ya koya masa, da abin da ya aikata, da halin da aka san shi da shi. Wannan kuwa hasara ce ga tarihi, kuma ruɗu ne ga matasan da ke sauraro.

2.0 Zubi da Harshe

Duk wanda ya tara irin waɗannan ƙasidu zai tarar kusan jirginsu ɗaya. In aka cire sunaye da shekaru, ga abin da ke saura:

"An haifi Alhaji Dakta Wane a garin kaza a shekara ta kaza. Ya halarci makarantar firamare ta kaza, daga nan ya zarce sakandare ta kaza. Ya samu digirinsa na farko a jami'ar kaza, ya yi bautar ƙasa a jihar kaza. Ya riƙe muƙamai da dama, har aka ɗaga shi zuwa darakta. Ya halarci tarurruka a ciki da wajen ƙasar nan. Yana da aure da 'ya'ya. Abubuwan da yake sha'awa su ne karatu da tafiye-tafiye."

Matakai biyar ke nan: haihuwa, makarantu, takardun shaida, muƙamai, iyali. Ba a sauya musu wuri, ba a kuma tsallake ɗaya. Dangane da harshe kuwa, abubuwa huɗu sun fito fili.

Na farko, aikatau. Waɗanda suka fi yawa su ne shiga, gama, zarce, samu, riƙe, zama, halarta. Dukkansu suna nuna wucewa daga wuri zuwa wuri ne, ko karɓar wani abu daga hannun wani. Da wuya a ci karo da aikatau irin su koyar, warkar, gina, gyara, sasanta, ƙi, jure, waɗanda su ne ke nuna abin da mutum ya yi da hannunsa ko da zuciyarsa.

Na biyu, yawan amfani da "an" da "aka", watau lamirin da ba ya bayyana mai aiki: an haife shi, aka ɗauke shi, aka naɗa shi, aka ƙara masa girma, aka ba shi lambar yabo. Mai tarihin ya zama karɓau a cikin labarin kansa. Hukuma ce ke aiki, shi kuwa ana yi da shi.

Na uku, fassarar kai tsaye daga Ingilishi. Bahaushe yakan halarci taro ko jana'iza ko ɗaurin aure, amma makaranta yi ake yi, ko a shiga. Haka nan "yana da aure da 'ya'ya" ba ginin Hausa ba ne, domin aure da 'ya'ya ba kaya ba ne da za a jera cikin abin da mutum ya mallaka. Cewa akan yi magidanci ne, ko Allah ya albarkace shi da zuriya. Jimlar ƙarshe ta "abubuwan sha'awa" kuwa gurbi ne kurum da aka tarar a takardar Bature aka cike.

Na huɗu, tarin laƙabi. Alhaji, Dakta, Farfesa, Injiniya, Barista, wani lokaci uku a jere kafin a kai ga sunan yanka. Kalmar "Malam", wadda a da ita ce mafi girman abin da za a kira mai ilmi da shi, ta koma abin da ake kiran wanda ba a san muƙaminsa ba.

3.0 Asalin Zubin

Ba sai an yi dogon bincike ba kafin a gane cewa uwar wannan zubi ita ce takardar neman aiki da fayil ɗin ma'aikaci. Abin da ofis ke bukatar sani game da mutum shi ne shekarunsa, domin a san ranar ritayarsa. Da takardunsa, domin a san matakin albashinsa. Da wuraren da ya yi aiki. Da yawan iyalinsa, domin gida da alawus. Waɗannan su ne matakai biyar ɗin da muka gani. Takarda ce da aka tsara don akawu, mu kuwa muka ɗauko ta muka mai da ita adabi.

Sai dai ya kamata a yi wa zubin adalci ta fuskar tarihi. Akwai zamanin da jerin makarantu shi kansa labari ne. Kwalejin Katsina, wadda aka kafa a 1921, aka mai da ita Kaduna a 1938, sa'an nan Zariya a 1949, aka kuma raɗa mata suna Barewa a 1971, 'yan kaɗan take ɗauka a shekara daga duk faɗin Arewa. A ce wane ya yi Katsina, an faɗi abu mai yawa. Masu digiri kuwa sun fi haka ƙaranci, har zuwa lokacin da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a watan Oktoba na 1962. Manufar gwamnatin Sardauna ta cike guraben aiki da 'yan Arewa, da ƙirƙiro jihohi 12 a 1967, shida daga cikinsu a Arewa, da ƙara su zuwa 19 a 1976, duk sun buɗe kujeru fiye da yawan masu takardar hawansu. Wanda ya fito jami'a a shekarun 1970 yakan tarar aiki na jiransa, da gida, da rancen mota. Ga mutanen wannan zamani, tsani gaskiya ne: daga digiri sai aiki, daga aiki sai ƙarin girma. Taƙaitaccen tarihi hoton wannan tsani ne.

Akwai kuma wani dalili da ya fi wannan zurfi. M. G. Smith, a nazarinsa na matsayi a al'ummar Hausawa na 1959, ya bambance sana'ar karda, wadda mutum ya gada, da ta shigege, wadda ya shiga da kansa, ya kuma nuna cewa ta gado ta fi daraja a idon jama'a. To, boko shigege ne tsantsa. Ɗan talakan da ya zama babban sakatare ba shi da kakannin da maroƙi zai jero masa a wannan fage. Saboda haka sai jerin makarantu ya tsaya a matsayin jerin iyaye, takardar shaida ta tsaya a matsayin asali. Wannan shi ya sa ake karanta taƙaitaccen tarihi da murya irin ta sanƙira, ake kuma tafawa in an ambaci Landan ko Alƙahira, kamar yadda akan yi guɗa in an ambaci kakan basarake.

4.0 Gadon da Aka Tarar

Kafin zuwan fayil, Hausawa da malaman ƙasar nan suna da hanyoyinsu na ajiye labarin mutum. Za mu dubi uku, da kuma ma'aunin da ke ƙarƙashinsu.

4.1 Tarjamar Malamai

A al'adar rubutun Musulunci akwai fannin tarjama, watau tarihin malamai. Ahmad Baba na Tambutu, wanda ya rasu a 1627, ya yi fice a wannan fanni da littafinsa Nailul Ibtihaj. A nan gida kuma Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Ida'un Nusukhi a 1812, inda ya lissafa malaman da ya ɗauki ilmi a hannunsu, tun daga mahaifinsa da ya koya masa Alƙur'ani, da wansa Shehu Usmanu, har zuwa Malam Jibrilu ɗan Umaru, yana faɗin littattafan da ya karanta wurin kowannensu. Shi ma jeri ne, shi ma taƙaitacce ne. Bambancin shi ne tambayar da yake amsawa. Tarjama tana tambaya: wurin wa ya yi karatu, me ya karanta, wa ya karantar, me ya wallafa? Taƙaitaccen tarihi kuwa yana tambaya: a ina ya yi karatu, wace takarda aka ba shi? Wancan ya ɗaure mutum da mutane, wannan ya ɗaure shi da gine-gine. Abin mamaki ne a karanta tarihin farfesa daga farko har ƙarshe ba a ji sunan malaminsa ko ɗaya ba, ba a kuma ji sunan ɗalibinsa ko ɗaya ba, alhali almajirin zaure in ka tambaye shi karatunsa, da sunan malaminsa zai fara.

4.2 Yabon Maroƙa da Makaɗa

Makaɗin fada yakan yabi ubangidansa da asali, amma ba ya tsayawa nan. Yakan kawo kyauta, da jarunta, da haƙuri da jama'a, da riƙon amana, ya zuga shi ya yi abin da magabatansa suka yi, ya kuma yi habaici da zambo ga abokan hamayya. Watau ko a cikin yabo akwai sharaɗi: ana gaya wa basarake abin da ake sauraro daga gare shi. Taƙaitaccen tarihi ya ɗauki aikin yabo ya bar sharaɗin. Ba ya neman kome daga wanda ake yabo, domin ya riga ya gama da shi tun da ya faɗi kujerarsa ta ƙarshe.

4.3 Labarin Kai

Akwai labaran rayuwa uku da Hausawa suka bayar da bakinsu waɗanda suka zama ginshiƙai. Na Dorugu, yaron da aka bautar, aka 'yanta, ya bi Barth har Ingila, wanda Schön ya rubuta ya buga cikin Magana Hausa a 1885. Na Baba ta Karo a ƙasar Zazzau, wanda Mary Smith ta ɗauka a 1949 zuwa 1950, aka buga fassararsa a 1954. Sai na Alhaji Mahmudu Ƙoƙi na Kano, wanda ya taimaki Bargery aikin ƙamus ɗinsa na 1934, Neil Skinner kuma ya fitar da labarinsa a 1977. Babu mai digiri a cikinsu. Amma wanda ya karanta Baba zai san aure-aurenta da fitarta, da ƙawancenta, da tsoron mahara, da yadda zuwan Turawa ya sauya zaman rinji. Zai san ta, ya kuma san zamaninta. Wanda ya karanta taƙaitaccen tarihin babban sakatare guda goma kuwa ba zai iya bambance ɗaya daga ɗaya ba, balle ya san yadda aka yi mulkin Arewa.

4.4 Ma'aunin Mutumin Kirki

A laccarsa da aka buga a 1974, Kirk-Greene ya tattara siffofi goma da Hausawa ke auna mutumin kirki da su: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Ko an yarda da adadin ko ba a yarda ba, abin lura shi ne babu ɗaya daga cikinsu da ake bayarwa a zauren yaye ɗalibai, babu kuma ɗaya da ke da gurbi a zubin da muke nazari. Har yau in aka dawo daga maƙabarta a Tudun Wada ko Unguwar Sanusi, abin da ake faɗi a zaman makoki shi ne marigayi ba ya riƙon mutum, ko shi ya ɗauki karatun marayun wane, ko bai taɓa cin kuɗin kowa ba. Kashegari sai jarida ta fito da jerin muƙamansa. Ma'auni biyu ke nan a kan mutum ɗaya: na baka yana auna hali, na rubutu yana auna matsayi, kuma na rubutun ne zai wanzu.

5.0 Gwaji a Kan Rayuwar Mutane Huɗu

Hanya mafi sauƙi ta gane ƙarfin ma'auni ita ce a ɗora masa abin da aka riga aka san nauyinsa.

Dakta R. A. B. Dikko, wanda aka haifa a 1912 ya rasu a 1977, shi ne likita na farko ɗan Arewa, kuma sunansa ne ke kan Asibitin Koyarwa na Barau Dikko a Kaduna. Zubin zai ce ya yi Kwalejin Sarki ta Legas, ya yi Jami'ar Birmingham, ya yi aikin likita, ya zama kwamishinan tarayya a gwamnatin Gowon a 1967. Duk gaskiya ne. Amma babban abin da ya sa tarihi ke ambatonsa shi ne yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa a 1948, ya zama shugabanta na farko, shi Kirista da ya tashi a hannun mishan na Zariya, a ƙungiyar da mafi yawan 'ya'yanta Musulmi ne; sa'an nan da ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa a 1951 ya sauka, domin shi ma'aikacin gwamnati ne. Yadda aka yi aka amince masa, da abin da saukarsa ta jawo, su ne tambayoyin, zubin kuwa ba shi da inda zai sa su.

Malam Sa'adu Zungur ya fi wannan tona asirin zubin. Ya yi Kwalejin Katsina, ya zama ɗan Arewa na farko da ya shiga Babbar Kwalejin Yaba a 1934, ya bar ta bai kammala ba. Bai daɗe a kan wata kujera ba, ya yi fama da rashin lafiya, ya rasu a 1958. A ma'aunin takarda da muƙami, wannan rayuwa ce da ba ta kai ko'ina ba. Amma shi ne ya tayar da ƙungiyar neman ci gaba ta Bauci a 1943, shi ne ya yi tasiri a tunanin Malam Aminu Kano, shi ne kuma mawallafin "Arewa Jumhuriya ko Mulukiya", wadda har yau ake nazarinta a jami'o'inmu, ake samun digiri a kanta. Ma'aunin da ya ɗaga mai nazarin waƙa bisa mai waƙar, lalle akwai abin dubawa a cikinsa.

Dakta Yusufu Bala Usman, wanda aka haifa a 1945 ya rasu a 2005, ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Ahmadu Bello a kan tarihin Katsina, ya kuma yi sakataren gwamnatin Jihar Kaduna a zamanin PRP. Ya rasu ana kiransa Dakta, bai ɗauki laƙabin Farfesa ba. Mai bin zubi zai ga kamar tsaninsa bai kai ƙarshe ba. Abin da ba zai gani ba shi ne rahoton 'yan tsiraru da shi da Segun Osoba suka rubuta a kwamitin tsara kundin tsarin mulki a 1976, da ɗaliban tarihin da ya horar a Zariya, da yadda ya sa aka daina karɓar abin da Turawan mulki suka rubuta a kan ƙasar Hausa ba tare da an tace shi ba. Mafi yawan nauyinsa yana cikin abin da ya ƙi yarda da shi, aikatau "ƙi" kuwa, kamar yadda muka gani, ba ya cikin ƙamus ɗin zubin.

Hajiya Bilkisu Yusuf, wadda ta yi kimiyyar siyasa a Jami'ar Ahmadu Bello, ta yi editar Sunday Triumph a Kano da New Nigerian a Kaduna, ta rasu a turmutsutsun Mina a 2015, tana wakiltar wata matsala dabam. In an zo kan mace, zubin yakan jera muƙamanta tamkar na namiji, ya rufe da cewa tana da aure da 'ya'ya. Ke nan an ɓoye ainihin gwagwarmayar: wa ya yarda ta ci gaba da karatu, wa ya hana, yaya aka haɗa ɗakin aure da ɗakin labarai. 'Yan matan da ke sauraro wannan suke bukatar ji, shi ne kuwa ba a faɗi.

6.0 Hujjojin Masu Kare Zubin

Ana iya kawo hujjoji uku. Ta farko, zubin yana ajiye shekaru da sunayen wurare, abin da adabin baka ya yi rauni a kansa. Wannan gaskiya ce, kuma ba a neman a yar da ita. Ƙashi ne da ake bukata, sai dai ƙashi ba ya zama jiki sai da tsoka.

Ta biyu, kunya da kawaici da gudun riya suna hana Bahaushe faɗin alherin kansa, addini kuma ya hana tona aibin mamaci. Wannan ma gaskiya ce, wataƙila ma ita ta sa labaran Dorugu da Baba da Mahmudu Ƙoƙi duk sai da baƙo ya zauna ya yi ta tambaya suka samu. Amma mafi yawan taƙaitaccen tarihi wani ne ke rubuta wa wani, kunya kuwa ba ta hana ɗalibi faɗin abin da malaminsa ya koya masa. Abdullahi ɗan Fodiyo bai fi mu ƙarancin tsoron riya ba. Bugu da ƙari, in gudun alfahari ne, jera laƙabi uku gaban suna ya fi kusa da alfahari bisa ga ambaton malamin da ya koya maka baƙi.

Ta uku, wai wuri ba ya isa. Amsa ita ce layin da aka ɓata a kan tarurruka da abubuwan sha'awa ya isa a faɗi aiki ɗaya tak da mutum ya yi wanda jama'a suka amfana.

Akwai kuma abin da ya kamata a lura da shi. In 'yan bokon Arewa suka tashi ba da cikakken labarinsu, da Ingilishi suka fi yi: My Life na Sardauna a 1962, da tarihin Abubakar Imam da Abdurrahman Mora ya tsara a 1989, da Beckoned to Serve na Shehu Shagari a 2001, da The Accidental Public Servant na Nasir El-Rufa'i a 2013. Ingilishi ya samu tsoka, Hausa ta samu ƙashi. Ba kuwa don Hausa ta gaza ba, domin Shata Ikon Allah, wanda Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar a 2006, ya nuna cewa ana iya rubuta doguwar rayuwa da Hausa, da bincike da hujja. Abin lura, wanda aka yi wa wannan hidima makaɗi ne da bai yi boko ba, wanda digirinsa na girmamawa ne da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi a 1988.

7.0 Illar Zubin a Yau

Illa ta farko a kan matasa take. Tsanin da zubin ke siffantawa ya karye tun tsakiyar shekarun 1980, musamman bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986. A Kaduna, masaƙar KTL ta Kakuri da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, wasu masaƙun suka bi ta. Jami'o'i kuwa sai ƙaruwa suke yi. Jihar Kaduna ma ta kafa tata a 2004. Saurayin Unguwar Sanusi da ya gama bautar ƙasa yau yana iya samun kansa yana koyarwa a makarantar kuɗi da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ko yana tuƙa keke mai ƙafa uku, ko ya koma Panteka koyon walda. Yana iya ciyar da iyayensa da wannan, ya aurar da ƙannensa, ya koya wa yara goma sana'a. Amma in aka auna shi da zubin da ya taso yana ji ta lasifika, labarinsa ya tsaya a mataki na uku, ba shi da abin karantawa. Adabin da ke gaya wa mai amfani cewa shi ba kowa ba ne, ya kuma gaya wa wanda ya zauna kujera goma bai tsinana kome ba cewa ya gama nasara, adabi ne da ke lalata ma'aunin al'umma.

Illa ta biyu a kanmu take, mu malamai. Zubin ya shigo kundayen ɗalibanmu. Babin "tarihin mawaƙi" ko "tarihin marubuci" yakan zo da matakan nan biyar daidai, ko da a kan makaɗin noma ake magana, sa'an nan a shiga nazarin waƙa ba tare da an nuna wata alaƙa tsakanin rayuwar da waƙar ba. Muna sa hannu a kan irin waɗannan babobi shekara da shekaru. Wazirin Sakkwato Junaidu, a jawabinsa na karɓar digirin girmamawa a Zariya a farkon shekarun 1970, ya ja kunnen jami'a cewa dashe ce wadda saiwarta ke cikin wata al'ada dabam. Yadda muke rubuta rayuwar 'ya'yan jami'ar yana cikin shaidun da ke nuna cewa har yanzu gargaɗin bai tsufa ba.

8.0 Kammalawa

An nuna a wannan maƙala cewa taƙaitaccen tarihi ya samo zubinsa daga fayil ɗin ma'aikaci, ya samu karɓuwa a zamanin da masu digiri ba su da yawa, ya kuma ɗauki aikin da asali ke yi a yabon gargajiya. An nuna ya bar abubuwa uku da gadonmu ya riƙe: silsilar malamai da ɗalibai, da aikin da mutum ya yi, da halinsa. A ganina gyaran ba mai wuya ba ne. Duk mai rubuta irin wannan tarihi, ko don walima ko don kundin digiri, ya kamata bayan shekaru da makarantu ya amsa tambayoyi huɗu: wurin wa ya koya, me ya aikata wanda ba don shi ba da ba a yi ba, wace wahala ya sha ko wane abu ya ƙi, su wa ya bari a bayansa. Sassan Hausa na jami'o'i, tare da cibiyoyi irin su Gidan Arewa na Kaduna, ya kamata su tura ɗalibai su ɗauki labarin tsofaffin ma'aikata da malamai da likitoci da bakinsu, da Hausa, tun suna raye, domin waɗanda suka shiga jami'a a shekarun 1960 da 1970 kullum raguwa suke yi. Da yawansu suna nan a unguwanninmu suna zaman fansho, kuma abin da suka sani game da yadda aka gina Arewa, da yadda ta sukurkuce, ba ya cikin fayil ɗin kowa.